Lemur: Ɗan'uwan Biri da Ke Gab da Ƙarewa

Gabatarwa

Bahaushe kan ce biri ya yi kama da mutum. To, akwai wata dabba da ta yi kama da biri amma ba biri ba ce, wadda masana ke kira lemur. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana siffofinta da abin da ke neman ƙarar da ita, sa'an nan a dubi darasin da ke ciki ga mutanen Tsaskiya da sauran ƙauyukan da ke gefen Dajin Rugu.

Siffofinta

Asalin mazaunin lemur shi ne tsibirin Madagaska. Tana da manyan idanu da dogon baki irin na yanyawa, kuma ta fi biri dogara da sansane. Mafi ƙanƙanta cikin jinsunanta ba ta wuce giram 30 ba, alhali babbar cikinsu, indri, takan kai kilo 9. A yawancin jinsunan, mace ce ke shugabantar garke. Masani Linnaeus ya laƙaba mata wannan suna a 1758, daga kalmar Latin mai ma'anar fatalwa. 'Yar'uwarta mafi kusa a ƙasar Hausa ita ce galago, 'yar ƙaramar dabbar nan mai tsalle kan itatuwa da dare, tana cin ƙwari da ƙaro.

Barazana

A 2020 ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa jinsi 103 daga cikin 107 na fuskantar ƙarewa. Dalilan su ne ƙona daji domin noma, da yin gawayi, da farauta, da saran katako.

Abin da zai fi jan hankalin mai nazarin al'ada shi ne rawar da camfi ke takawa. Wasu al'ummun tsibirin na ɗaukar indri tamkar kakansu, don haka ba sa kashe ta. Amma wani jinsin, aye-aye, akan kashe shi da zarar an gan shi, wai shu'umi ne. Wannan ya yi daidai da al'adar kan gida ta Maguzawa, wadda ta hana zuri'a cin naman wata dabba.

Kammalawa

Camfi yana iya tsare dabba daga mafarauci, amma ba ya iya tsare ta idan dajin kansa ya tafi. Dajin Rugu, wanda ya ratsa Safana da Batsari har zuwa Zamfara, ya sha sara domin itacen girki da gawayi da faɗaɗa gonaki, daga baya kuma 'yan bindiga suka mai da shi mafaka. Manomi yana ganin jan biri maɓarnaci ne kurum, amma biri da lemur suna daga cikin dabbobin da ke baza irin itatuwa ta hanyar kashinsu. Ranar da suka ƙare, dajin ma zai ragu, kuma jikokinmu za su gaji karin maganar biri ba tare da sun taɓa ganinsa ba.