Abin da Alƙali Ke Tambayar Kansa a Shari'ar Fyaɗe

Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo a Yelwa ko Saminaka ya ga fim ɗin kotun Amurka, ya ga mutum goma sha biyun nan da ake jerawa gefe guda, ba rigar lauya, ba tambaya, sai sauraro. Su ake kira juri. Talakawan gari ne aka zaɓo, wani direba, wata malamar makaranta, wani mai shago. Su ke cewa wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Kafin su shiga ɗaki su yi shawara, alƙali yakan karanta masu umarni: ga abin da doka ta kira fyaɗe, ga abin da dole lauyan gwamnati ya tabbatar, ga kuma abin da bai halatta ku ɗora hukunci a kansa ba. In ya karkata a wannan karatun, kotun ɗaukaka ƙara tana iya rushe shari'ar ɗungurungum.

Mu a Najeriya ba mu da juri. Legas ce ta yi shi tun zamanin Turawa, aka soke a shekarun 1970 lokacin mulkin soja. A Babbar Kotu alƙali ɗaya ne ke sauraro, shi ke auna shaida, shi ke yanke hukunci. Amma ni da na yi aikin magatakarda a kotu har na ajiye aiki na dawo gida Shanga, na san umarnin nan yana nan daram. Bambancin kawai, alƙalinmu kansa yake karanta wa. A takardun hukunci na sha ganin inda ya rubuta cewa ya gargaɗi kansa kafin ya ɗaure mutum. Wannan gargaɗin da tambayoyin da ke tare da shi su nake so mutanenmu su sani, don mafi yawan shari'o'in fyaɗe da na ga sun faɗi, tun a gida suka faɗi, kafin kowa ya taka ƙofar kotu.

Tambayar farko ba ta da daɗin ji, amma ba makawa: an shige ta? Kundin Final Kod da gwamnatin Sardauna ta fara aiki da shi a 1960, a sashe na 282, ya ce shiga kawai ta isa, komai ƙanƙantarta. Sai ta biyu: da yardarta? Sashen ya ce babu yarda idan an tilasta mata, ko an tsoratar da ita da kisa ko rauni har ta miƙa wuya. Yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba da mai taɓin hankali kuwa, ko sun ce sun yarda, doka ba ta san wannan yardar ba. Ta uku: wannan mutumin da ke tsaye cikin akwati, shi ne? Duk ukun sai lauyan gwamnati ya tabbatar har kokwanto mai ma'ana ya kau, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Ban taɓa ganin aibin wannan ba. Ƙazafi yana faruwa, kuma rigimar gona ko ta wurin kafa taru tana iya sa a yi wa mutum sharri. Wanda ya taɓa ganin taron matasa da gorori sun zagaye wani kan jita-jita, zai gode wa Allah da akwai wurin da ake tsayawa a tambaya.

Dokar hana cin zarafin mutane da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015 ta faɗaɗa ma'anar. Ta shigo da yara maza, ta shigo da amfani da yatsa ko wani abu, ta sa ɗaurin rai da rai, mafi ƙaranci shekara 12, in taron dangi aka yi kuwa shekara 20. Da farko Abuja kaɗai ta shafa, sai jihohi suka riƙa ɗauka, Kebbi ma ta yi tata a zamanin Gwamna Atiku Bagudu.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambaya ta huɗu, wadda ba ta cikin sashe na 282 amma ta fi sauran kashe shari'a: ban da bakin mai ƙara, akwai wani abin da ya goyi bayan maganarta?

Wannan tambaya gadon Ingila ce. Wani babban alƙalinsu na ƙarni na 17, Matthew Hale, shi ya bar ra'ayin cewa zargin fyaɗe yana da sauƙin yi, yana da wuyar karewa ko da mutum bai aikata ba. Aka yi ta karanta wa juri wannan gargaɗi ƙarni bayan ƙarni, ana ce masu su yi hattara da maganar mace. Abin da ke ci mini rai shi ne, wanda aka yi wa fashi a hanyar Koko ba a yi masa wannan. Ya ce ya ga ɓarawo, alƙali ya gamsu, shi ke nan. Mace kuwa aka ware aka ce bakinta bai isa ba, a laifin da kowa ya san ba a gaban mutane ake yin sa ba. Waɗanda suka kawo mana abin sun daɗe da yar da shi. Kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta hana karanta shi a 1975. Ingila ta soke wajabcinsa a 1994. Afirka ta Kudu ta bi a 1998, kotun ɗaukaka ƙara ta Kenya ta ce wariya ce ga mata a 2003. Yau a Kalifoniya ce wa juri ake yi shaidar mai ƙara ita kaɗai tana iya isa in sun gaskata ta, kuma ba sharaɗi ba ne sai ta yi kokawa. A Ingila, tun wani hukunci na 2008, alƙali yana iya faɗa masu cewa jinkirin kai ƙara ba ya nufin ƙarya, don kunya da tsoro suna rufe baki.

Mu muna tsaka-tsaki. A shari'ar Iko ta 2001, Kotun Ƙoli ta sallami wanda aka ɗaure, tana ganin akwai haɗari a ɗaure mutum da maganar mai ƙara kaɗai. A shari'ar Ogunbayo ta 2007, marigayi Mai Shari'a Niki Tobi ya nuna bai gamsu da wajabta wannan sharaɗi ba. Dokar Shaida ta 2011 ta zo ba ta sa shi ga babbar mace ba, har ta hana lauyan wanda ake tuhuma tone-tonen tarihin mai ƙara da wasu maza sai da izinin kotu, a sashe na 234. Duk da haka alƙalai da yawa har gobe sai sun nemi abin dafawa, saboda sun san fayil ɗin zai iya tafiya kotun ɗaukaka ƙara a Sakkwato. Abin da suke nema sananne ne, an faɗe shi a shari'ar Posu ta 2011: takardar likita mai nuna rauni, da tabon maniyyi a tufafi ko a wurin da abin ya faru.

Ga yara kuwa, ba zaɓin alƙali ba ne. Sashe na 209 na Dokar Shaida ya ce yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure kowa da shaidarsa sai an sami wata hujja da ta haɗa wanda ake tuhuma da laifin.

Na tuna wani dattijo masunci daga wata tunga a bakin ruwa. 'Yarsa ba ta kai goma sha biyu ba. Ranar da abin ya faru, uwar ta dafa ruwa da bagaruwa ta gasa ta, ta wanke zanen da sabulu ta shanya, don kada kishiyoyi da maƙwabta su gani. Aka yi zama a zauren mai unguwa, dangin mutumin suka kawo kuɗin magani, aka ce a rufa asiri. Sai da yarinyar ta daina cin abinci, ta daina zuwa ɗiban ruwa, uban ya sa ta a kwalekwale ya kawo ta wurin 'yan sanda. Makonni sun wuce. Likita ya rubuta abin da ya gani, wanda ba shi da yawa. A kotu ta tsaya kanta da ƙyar ya wuce katakon akwatin shaida, tana murza bakin hijabinta, ta faɗi komai ba ta sauya ba ko da lauya ya juya mata tambaya. Waɗanda suka halarci zaman sulhun, inda mutumin ya ba da haƙuri da bakinsa, babu wanda ya yarda ya zo. Aka sallame shi.

A baranda uban ya riƙo hannun rigata ya ce, "Malam, ashe alƙali bai yarda da ita ba?"

Na ce, "Baba, ya yarda. Ya ma rubuta. Doka ce ta ce sai da wani abu ban da bakinta."

Ya ce, "To ai zanen ne, kuma mun wanke."

Uwar nan ba ta yi don mugunta ba, tausayi ne da kunya. Amma shaida a irin wannan shari'a kamar ɗanyen kifi take, in ba a kai ta inda za a adana da wuri ba, ta lalace. Ga nisa kuma. Daga ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma fayil zai tafi sashen binciken manyan laifuka a Birnin Kebbi, daga nan Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara, sannan a shigar da ƙara a Babbar Kotu. Manomin albasa da ke Gebbe ko Dugu, kowane zama kuɗin mota ne da asarar yinin aiki. A wannan tsakanin ne masu lallashi ke samun ƙofa.

Wasu kuma sukan ce ai a Musulunci sai da shaidu huɗu, don haka kai ƙara ɓata lokaci ne. Wannan gurguwar fahimta ce. Shaidu huɗu ko iƙirari sharaɗin tsayar da haddin zina ne. Malaman Malikiyya, mazhabar da kotunan shari'armu ke bi tun da Kebbi ta ƙaddamar a 2000, sun ce wadda aka tilasta babu haddi a kanta, kuma suna duba alamu: ta zo tana jini, ko tana kururuwar neman agaji, ko tana riƙe da wanda ya yi mata. Sun ɗora wa mai tilastawa biyan sadakin irinta. Alƙali Ibnul Arabi na Andalus, wanda ya rasu a 1148, ya sa ƙwace mace da makami a babin fashi, yana ganin ya fi ƙwace dukiya muni. Inda haddi bai tabbata ba, ƙofar ta'aziri a buɗe take. Ka lura, nan ma magana ɗaya ce: a fito da wuri. Safiya Husaini ta Tungar Tudu a Sakkwato ta ce tilasta mata aka yi, amma sai bayan ciki ya bayyana maganar ta je gaban alƙali. Namijin ya musanta aka sake shi, ita aka yanke wa jifa a Oktoban 2001, sai a Maris na 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke ta.

A ganina muna da juri a Shanga, sai dai ba a kotu suke zama ba. Suna zauren mai unguwa, suna majalisar bakin kasuwa, suna wurin daka. Su ke fara yanke hukunci, kuma ba wanda ya taɓa karanta masu umarni. Shi ya sa tambayoyinsu suke komawa kan yarinya: me ya kai ta talla har magariba, me ya sa ba ta yi ihu ba, me ya sa sai yanzu ta faɗa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cikin abin da doka ta ce a tabbatar. Yarinyar da babban mutum ya toshe wa baki a cikin gero, ko ya ce zai yanka ta in ta faɗa, ba ta da ihun da za ta yi.

Gwamnonin ƙasar nan sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a watan Yunin 2020, kuma akwai cibiyoyin kula da waɗanda abin ya shafa, irin su Nana Khadija a Sakkwato, Waraka a Kano da Salama a Kaduna. Mutumin tunga ba zai kai can a dare ɗaya ba, amma zai iya kai wa babban asibiti mafi kusa. Roƙona ga iyaye mata, da ungozomomi, da limamai, da masu unguwanni shi ne: kada a yi wa yarinya wanka, kada a wanke tufafin, a naɗe su cikin takarda mai tsabta maimakon leda, a kai ta asibiti a ranar, a tabbatar likita ya rubuta, a sanar da 'yan sanda. Wanda ya ji mai laifi ya amsa da bakinsa a zaure, ya ji tsoron Allah ya je kotu ya faɗa. Maganin da ke kare ta daga ƙanjamau kuwa, sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki.