A Daskarar Da Ƙanƙara Da Azahar, A Sha Sanyi Da Dare

A bazarar bara na kwana a wani gari da ke samun wutarsa daga hasken rana. Da azahar wuta ta wadata har ta yi yawa, amma kafin ƙarfe goma na dare batura sun ƙare, fanka ta tsaya, ɗakin bulo da rufin kwano ya shiga amayar da zafin da ya haɗiya tun hantsi. Mai masaukina ya ce maganin abin shi ne a ƙaro batura. Ni kuwa ina ganin akwai hanyar da ta fi wannan araha.

Abin da muke nema da dare sanyi ne, shi kuwa sanyi ana iya taskance shi kai tsaye. Kilo ɗaya na ƙanƙara, kafin ya narke, yana shanye zafin da zai iya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa kusan 80. Saboda haka idan aka yi amfani da rarar wutar azahar aka daskarar da ruwa a babban tanki mai rufi, da dare sai ƙaramin famfo ya riƙa zagaya ruwan sanyi cikin bututu, fanka na hura iskarsa cikin ɗakuna. Famfo da fanka ba sa cin wuta kamar na'urar sanyaya ɗaki, kuma ruwa ba ya mutuwa bayan 'yan shekaru kamar batir.

Dogon benen Bank of America da ke birnin New York, wanda aka kammala a 2009, yana yin ƙanƙararsa da dare lokacin da wuta ke da araha, ya sanyaya ofisoshi da rana. Mu sai dai mu juya lissafin. Kuma ba sai mun je Amurka neman hujja ba: firjin ajiye allurar rigakafi mai aiki da hasken rana, wanda ake gani a ƙananan asibitocinmu, ba shi da batir. Da rana yake daskarar da ruwan da ke jikinsa, ƙanƙarar ta riƙe maganin har gari ya waye.

Sai dai fa a yi hattara, wannan tsari ba na ɗaki guda ba ne. Ya fi dacewa da asibiti ko makarantar kwana, inda za a iya ɗaukar ma'aikacin da zai kula da bututu. Haka kuma ɓarna ce a zuba sanyi a ginin da ba ya riƙe shi. Magina na dā da suka yi soraye masu kaurin bango irin na Gidan Makama a Kano sun san cewa ƙasa na tsare sanyin asuba har la'asar. A Dandaji da ke Jamhuriyar Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina masallaci da tubalin ƙasa da aka matse, aka kammala shi a 2018. Tankin da irin wannan gini zai buƙata bai kai wanda ginin bulo da kwano zai cinye ba.