Cutar Karkarwa Ta Kama Muhammad Ali, Amma Iyalinsa Ba Su Bar Shi Ya Faɗi Ba

Masu iya magana sun ce ciwon ɗan yatsa na jiki duka ne. Haka abin yake ga cutar nan ta karkarwar jiki, wadda likitoci ke kira Parkinson, domin idan ta kama uba ko uwa tun da sauran ƙarfinsu, to, gidan ne baki ɗaya ta kama.

Cutar ta sami sunanta daga wani likitan Ingila, James Parkinson, wanda ya bayyana ta cikin 1817. Asalinta shi ne mutuwar wasu ƙwayoyi cikin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsin jiki. Sa'ad da ya yi ƙaranci, sai hannu ya riƙa rawa ko da mutum yana zaune, gaɓoɓi su sandare, tafiya ta yi nauyi, murya ta yi ƙasa. Galibi tsofaffi take kamawa, amma akwai waɗanda take afka wa kafin su cika shekara 50, watau lokacin da 'ya'yansu ke makaranta, su kuma ke ɗauke da nauyin gida.

Shahararren ɗan damben nan na Amurka, Muhammad Ali, yana cikin irin waɗannan. Cikin 1984 aka tabbatar yana da cutar, yana da shekara 42, shekara uku bayan ya bar dambe. A lokacin 'yarsa Rasheda tana da shekara 14, ƙanwarta Laila kuwa ba ta cika bakwai ba. Mutumin da duniya ta sani da zafin nama da kaifin baki, sai ga shi magana tana yi masa wuya.

Iyalinsa ba su ɓoye shi a ɗaka ba. Lonnie, wadda ya aura cikin 1986, ita ta tsaya kan jiyyarsa har shekara 30. Cikin 1996 ya fito a birnin Atlanta ya kunna wutar wasannin Olamfik, hannunsa na karkarwa, duniya na kallo. Cikin 2005 kuma Rasheda ta wallafa littafi domin yara su fahimci abin da ke damun iyayensu ko kakanninsu masu wannan cuta.

Nan ne babban darasin yake. Yaron da ba a yi wa bayani ba, idan ya ga fuskar ubansa ta daina murmushi, sai ya zaci fushi ake yi da shi, alhali kuwa cutar ce ke ɗaure naman fuska. Ya kamata a gaya wa yara gaskiya daidai da hankalinsu: cutar ba ta yaɗuwa ta cuɗanya, ba sammu ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ba, amma akwai lebodofa, wanda aka soma aiki da shi tun ƙarshen shekarun 1960, yana kuwa sassauta ta ƙwarai. Sharaɗinsa shi ne a sha kan lokaci, saboda haka ya kyautu wani a gidan ya riƙa lura da agogo. Har wa yau, motsa jiki kullum yana taimakawa, a kuma kau da duk abin da zai sa tuntuɓe. Idan majiyyacin yana magana, a yi haƙuri ya ƙarasa da kansa. Kada a ƙwace masa aikin da yake iyawa, kada kuma a yanke shawarar gida ba tare da shi ba, domin rawar hannu ba ta rage masa girma. Mai jiyya ita ma tana bukatar hutu, don haka dangi su riƙa karɓarta.

Muhammad Ali ya yi shekara 32 da cutar, ya rasu ran 3 ga Yuni, 2016, 'ya'yansa na kewaye da shi. Allah ya ji ƙansa, ya ba masu fama da ita sauƙi, ya saka wa masu jiyyarsu da alheri, amin.