Daji da Kasuwa: Yadda Fashi Ya Zama Fatauci a Arewacin Zamfara

Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi garuruwan fatauci ne tun asali. A Ƙaura layin dogo ya tuƙe a 1929, Shinkafi ta yi suna da kasuwar dabbobi, ƙasar Zurmi kuwa ta yi iyaka da jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Hanyoyin da fatake suka bi da gyaɗa da shanu, su ne 'yan bindiga suka gada.

Al'amarin ya faro ne da satar shanu wajen 2011. 'Yan sa-kai suka shiga kashe makiyayan da ake zargi ba tare da shari'a ba, ramuwa ta biyo baya, ga kuma makamai suna kwararowa ta hamada bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya. Sannu a hankali dabobi suka kafu a dazukan Sububu da Dumburum, kowace da nata uban daba, irin su Bello Turji a ƙasar Shinkafi.

Amma kuskure ne a ɗauka cewa a daji kaɗai ɓarnar take. Ɓarawon da ya koro garke ba cinye shi zai yi ba. Dole ya sami dillali. Babur ɗinsa na bukatar mai, bindigarsa harsashi, wanda ya sace kuma sai an kai kuɗin fansa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mai yinsa a cikin gari ko a tsallaken iyaka. Da ɗan gari, in ji Hausawa, akan ci gari.

Hukuma ta gane haka. A 2019 ta hana haƙar ma'adinai a jihar, a Satumba 2021 kuma ta katse layukan tarho, ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka. Sai dai talaka ya fi jin jiki, 'yan bindiga kuwa suka karkata zuwa gabashin Sakkwato. Haka nan kashe Buharin Daji a 2018 da Halilu Sububu a 2024 bai kawo ƙarshen fashi ba, domin daba ba ta rasa magaji muddin cinikin na da riba.

Saboda haka, maganin ba a bakin bindiga kaɗai yake ba. Yana hannun alƙali da sarkin kasuwa da ma'aikacin kan iyaka, na Nijeriya da na Nijar baki ɗaya.