Juye Bidiyo Daga Kyamara Zuwa Kwamfuta

Lokacin da kaset ɗin MiniDV ya fito a 1995, juye bidiyon awa guda zuwa kwamfuta yakan ci awa guda cur, domin tilas kaset ya juya daga farko har ƙarshe. A yau kuwa, a katin SD kyamara take adana bidiyo. Sai a haɗa ta da kwamfuta ta wayar USB, ko a zaro katin a sa shi a kwamfuta.

To, a nan ne ɗalibi zai yi hattara. Kwafa ake yi, ba kwashewa ba, domin ko an ɗauke wuta ana cikin aiki, asalin yana nan a kati. Kada a goge komai sai an kunna kwafin an kalle shi har ƙarshe. In bidiyon bikin yaye ɗalibai ya salwanta, ba za a sake bikin ba.