Rufin da Ba a Gani: Don Me Rediyo Ke Sake Hali?

Manomi a Wurno ta ƙasar Birnin Kudu yakan rataye rediyonsa a reshen itace yana noma. Da sassafe muryar London tana fita tangaran. Rana ta take, sai ƙara da shuu. Da dare kuwa ga tashoshin da bai taɓa nema ba sun cika akwatin. Da yawa sukan ɗora wa batir laifi, waɗansu har su biya mai gyara. A bar kuɗin a aljihu, gama sau da yawa akwatin lafiyarsa lau. Abin yana can sama.

Daga wajen kilomita 60 bisa kanmu har zuwa wajen 1,000 akwai iska marar kauri ƙwarai. Hasken rana yakan bugi ƙwayoyinta, ya mai da su masu ɗauke da lantarki. Masana suna ce da wannan wuri ayonosfiya. Mu ce masa rufi, domin aikin rufi yake yi: maganar rediyo ta gajeren zango takan hau ta buge shi, ta komo ƙasa a wuri mai nisa. Wani Bature mutumin Ingila, Edward Appleton, shi ya tabbatar da shi a 1924. Ta kansa ne Sashen Hausa na BBC ya riƙa isowa ƙauyukanmu tun 1957.

Da yake rana ce ke gina shi, ba ya zama da kauri ɗaya. Gab da asuba lantarkinsa ya fi ƙaranci. Gari na wayewa sai ya yi ta ƙaruwa, ya kai matuƙa tsakanin azahar da la'asar, sa'an nan ya soma raguwa. Hawa-hawa ne kuma. Hawan ƙasa, wanda ake kira D, shanye magana yake yi maimakon ya komo da ita, amma rana na faɗuwa sai ya watse. Shi ya sa tashar matsakaicin zango mai nisa ba ta jiyuwa da rana, sai dare. A gajeren zango kuwa, mai karatu ya gwada mita 16 ko 19 da rana, da dare ya koma mita 41 ko 49.

To, mu nan namu rufin dabam ne. Duniya kamar babban maganaɗisu take, tana kuwa da layin da ya raba ƙarfin nan biyu, arewa da kudu. Layin bai bi ikwaitar da ake koya wa yara a makaranta ba. A Afirka ta Yamma ya karkato arewa, ya ratsa arewacin Nijeriya, ba nisa da Zariya da ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Bisa layin nan, a tsawon wajen kilomita 100, wani kogin lantarki yana kwarara gabas kowace rana. Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya daɗe yana bincikensa, har ya rubuta littafi a kai a 1997. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma an auna lantarkin rufin a shekarun 1960, ta wurin sauraron taurarin ɗan adam.

Ga abin mamaki. Sai mutum ya zaci inda rana ta fi tsayawa tsaka nan lantarki zai fi taruwa. Ina! Da rana wani ƙarfi yakan ɗaga shi sama daga kan layin, ya zubo gefe biyu kamar ruwan da aka zuba a kan jinka, ya taru a wajen digiri 15 arewa da kudu. Watau na bisa Wurno ana kwashewa ana kai wa mutanen Hamada.

Shekara ma tana da nata juyi. Lantarkin ya fi yawa a Maris da Afrilu, lokacin bazara, da kuma Satumba da Oktoba, sa'ad da gero ya shigo gida. Ya fi ƙaranci a Yuni da Yuli. Ba ruwan sama ne ke wanke shi ba, gajimare ba ya kai can. Tsayuwar rana ce. Ita ranar kuma ƙarfinta yakan hau ya sauka cikin wajen shekara 11.

Bayan magariba ne ya fi rikici, musamman a watannin nan huɗu. Ƙasan rufin yakan yunƙura sama, manyan kumfa marasa lantarki su huda shi. Saƙon tauraron ɗan adam da ya ratsa ta ciki sai ya yi ta rawa, na'urar GPS ta kauce da mitoci, wani lokaci ta ɓace sarai. Ga direba wannan ƙaramin abu ne. Ga mai awon iyakar gona kuwa, inda taku biyu ke raba 'yan'uwa, gara ya yi aikinsa da safe. Kumfan sukan lafa bayan tsakar dare.