Turjiyar Kare a Gaban Shinge: Dalilanta da Hanyar Gyara Ta

Wasan zafin nama na karnuka, wanda masu yinsa ke kira ajiliti, gasa ce da kare ke bin jerin shingaye a guje, ba igiya a wuyansa, mai shi yana gefe yana nuna masa hanya da murya da motsin jiki kaɗai, ba tare da ya taɓa shi ko ya riƙe abinci a hannu ba. An fara nuna wasan ne a shekarar 1978 a baje kolin karnuka na Crufts a birnin Landan, lokacin da aka ɗora wa John Varley nauyin samo abin da zai ɗebe wa 'yan kallo kewa tsakanin manyan gasanni, shi kuma ya nemi taimakon wani gwanin horar da karnuka, Peter Meanwell, suka kwaikwayi tsarin gasar tsallen dawaki. Ƙungiyar Kennel Club ta Ingila ta amince da shi a 1980, daga nan ya bazu zuwa sauran Turai da Amurka.

A filin gasa akan jera shingaye 15 zuwa 22, cikinsu har da bututun da kare ke kutsawa, da katako mai rinjaya, da sanduna 12 da yake saƙawa tsakaninsu, amma mafi yawansu na tsalle ne, wato sanda mara nauyi da ake gittawa a kan ƙafafu biyu yadda da an taɓa ta za ta faɗi. Saboda haka karen da ke turjewa a gaban sanda, ko ya kewaye ta, ko ya sunkuya ta ƙarƙashinta, ba shi da makoma a wasan, domin a dokar ƙungiyar karnuka ta duniya, FCI, kowace turjiya tara ce ta maki biyar, ta uku kuwa tana fitar da shi daga zagayen gaba ɗaya. Mai karen da bai ƙware ba yakan kira wannan hali taurin kai, alhali ruwa ba ya tsami banza: dabbar da ke haura kujera ko kwalbati don nishaɗi ba za ta ƙi sanda ba sai da dalili, kuma sau da yawa dalilin yana jikinta.

Ƙirar jikin kare ita ce ke bayyana haka. Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyinsa yana kan ƙafafun gaba ne ko a tsaye yake, kuma waɗannan ƙafafu ba ƙashi ne ya haɗa su da gangar jiki ba, tsoka ce da jijiyoyi ke riƙe da su, tun da kare ba shi da cikakken ƙashin wuya irin na ɗan Adam da ke tokare kafaɗa. Idan ya tashi sama, ƙafafun baya da ƙugu ne ke tunkuɗa shi, idan kuma ya sauko, na gaba ne ke karɓar dukan, wanda ma'auni ya nuna yana iya haura ninki huɗu na nauyin jikinsa a tsalle mai tsawo. Ciwo kaɗan a kafaɗa, ko a gadon baya, ko a yatsa, ko a tsokar da ta haɗa ƙashin baya da cinya ta ciki, ya isa ya sa saukar ta zama azaba, ko da kuwa karen ba ya ɗingishi a tafiyarsa ta yau da kullum. Haka nan gurɗewar ƙugu ta gado, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram a gurbinsa, ta yawaita a manyan karnuka, kuma ba a tabbatar da ita sai da hoton ƙashi. Ƙiba ma tana cikin lissafi, har da tsawon farce, wanda ke hana dagi kama ƙasa yadda ya kamata. Don haka duk karen da a da yake tsalle da marmari sannan ya daina kwatsam, wurin likitan dabbobi ya kamata a fara kai shi, ba filin horo ba.

Shekaru su ma suna da nasu hukunci. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan kwikwiyo akwai guringuntsi mai taushi inda ƙashi ke ƙara tsawo, kuma ba ya gama ƙarfi sai dabbar ta kai wajen shekara ɗaya, a manyan karnuka ma har wata 18. Wannan ne ya sa a Ingila ba a barin kare shiga gasar sai ya cika wata 18, a ƙungiyar AKC ta Amurka kuwa wata 15.

Sai kuma ido, wanda aka fi mantawa da shi. Kare yana bambance shuɗi da rawaya sosai, amma ja da kore sukan rikice masa, ta yadda jar sanda a kan koriyar ciyawa, wadda mutum ke gani ƙarara, shi ba lalle ta fito masa fili ba, shi ya sa ake yi wa sanduna zane mai ratsin fari da wani launi mai duhu. Akwai kuma wata matsala da likitar dabbobi kuma gwanar wasan a Amurka, Linda Mecklenburg, ta ja hankali a kanta, wato tashi da wuri: karen yakan yi ta daddatsa taku yana sunkuyar da kai yayin da ya doso sanda, sannan ya tashi tun yana nesa da ita, abin da ake dangantawa da raunin auna nisa da ido.

Idan likita ya wanke jiki da ido, abin da ya rage shi ne tsoro ko rashin fahimta. Karen da ya taɓa zamewa a ƙasa mai santsi, ko sanda ta harɗe masa ƙafafu ta faɗi da ƙara, yakan riƙe abin a ransa, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A nan ne masu horo da yawa ke ɓata lamarin da hannunsu, su ja karen da igiya su haurar da shi dole, ko su daka masa tsawa, sai ya ƙara tabbatar da cewa wurin sanda wurin wahala ne. Tsarin da ya fi karɓuwa a yau ya ginu ne a kan binciken masanin halayya B. F. Skinner, wanda mai horar da dabbobi Karen Pryor ta yaɗa tsakanin masu dabbobi: halin da tukwici ya biyo bayansa nan take yakan maimaitu. Masu bin wannan tsari sukan yi amfani da wata 'yar na'ura mai ƙarar ƙyas, ko wata gajeriyar kalma guda, don shaida wa karen daidai lokacin da ya yi abin da ake so, sannan ɗan nama ko abin wasa ya biyo baya.

Gyaran yakan fara ne da ajiye sanda a ƙasa tsakanin ƙafafun shingen, a bar karen ya tsallaka ta da tafiya bisa ra'ayin kansa, a jefa tukwicin a ƙasa a ɗaya gefen. Jefawa a ƙasa ba ƙaramin abu ba ne, domin karen da ke kallon hannun mai shi yakan ɗaga kai ya sandare baya, wanda kuwa ke neman abu a ƙasa yakan sauke kai ya lanƙwasa gadon baya, kuma wannan ita ce siffar tsalle mai lafiya. A hanyar Mecklenburg, mai horo yakan zauna ko ya durƙusa dab da shinge guda, karen ya riƙa haurawa daga tsaye ba tare da ya ɗauko gudu ba, don ya koyi tattara ƙarfinsa a ƙafafun baya maimakon dogara da sauri. Ana ɗaga sandar da 'yan santimita kaɗan ne bayan karen ya yi ta haurawa ba ɗar, kuma da zarar ya yi jinkiri ko ya kewaye sau biyu a jere, sai a mayar da ita inda ya iya. Minti biyar a rana, a tashi tun yana son ƙari, ya fi awa guda da za ta ƙare da gajiya.

Susan Salo, wadda ta shigo harkar daga duniyar dawaki, ta kawo wata dabarar ta daban, inda ake jera ƙananan shingaye a layi bisa tazarar da aka auna, a ajiye tukwici a ƙarshen layin, mai horo ya tsaya cik bai ce uffan ba. Tazarar ce ke koya wa karen inda zai taka da inda zai tashi, kuma da ya saba sai a sauya ta, don ya koyi karanta filin da idonsa maimakon haddace taku.

Mai karen shi ma ba ya fita daga zargi, tun da kare ya fi sauraron jiki a kan baki: wanda ya ce a haura alhali ya rage gudu ko ya juya kafaɗa, umarni biyu masu saɓani ya bayar, kuma karen zai bi na ƙafa da kafaɗa. Hoton bidiyo na waya yakan tona wannan asiri cikin sauƙi.

Akwai karnukan da duk da kyakkyawan horo ba za su ji daɗin cikakken tsayin ajinsu ba, wanda a dokar FCI ya kai santimita 55 zuwa 60 ga manya. Saboda irinsu ne AKC ta ware wani aji da ake rage inci 4 daga tsayin sanda a kuma ƙara lokaci, sannan aka ƙirƙiro wasan da ake kira hufas, inda kare ke ratsa baka-bakan da aka kafa a ƙasa, da bututu, da kewaya ganguna, babu tsalle ko guda, wanda tsofaffin karnuka da masu ciwon gaɓoɓi ke shiga a Ingila da Amurka.